Ƙasar da rana ke cika rafi

Tambayar farko da ma'aikaciyar gandun dajin Auyuittuq na Kanada ta yi mana, bayan ta rubuta sunayenmu, ita ce kalar tantinmu. Na ɗauka hira ce ta buɗe taro. Sai ta ci gaba: kalar jakunkunanmu, kalar rigunan ruwanmu, abincin kwana nawa muka ɗauko, ranar da za mu fito, wa za a kira in ba mu fito ba. Sai da ta zo kan ta ƙarshen nan na gane abin da ake yi. Abin da matuƙin jirgi mai saukar ungulu zai riƙa dubawa daga sama take rubutawa, in har ta kai ga a neme mu. Na ba da lambar yayana na Kaduna, don na san in aka kira Hajiya da irin wannan labari, sai an haɗa da asibiti.

A Pangnirtung ke nan, wani ɗan gari na mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, mai mutum kamar 1,500, a tsibirin Baffin da ke yankin Nunavut, can ƙuryar arewacin Kanada. Ƙarshen watan Yuli ne. Mu uku ne: ni, da abokin aikina ɗan Kebek, da matarsa. Shi ya taɓa zuwa, kuma shekara biyu ya yi yana mini tallar wurin a ɗakin shan shayin ofis har na ba da kai. Ni ɗan Zariya ne. Iyakar hawan dutsen da na sani shi ne Kufena ranar da babu makaranta, da ɗan abin da na koya a dazuzzukan kusa da Otawa, babban birnin Kanada, wata shida kafin tafiyar, ina yawo da jaka cike da gorunan ruwa don kafaɗa ta saba.

Da na faɗa wa Hajiya zan je daji da abokai, cewa ta yi, "Daji kuma, Auta? Me ka ajiye a can?" Na ce babu komai, kallo ne kawai. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, ƙoshi ne ke kawo wannan. Allah ya tsare." Ban faɗa mata cewa dajin babu ko bishiya ɗaya a cikinsa ba.

Sunan gandun Auyuittuq, ana furta shi kamar Auyuwituk, ma'anarsa a Inuktitut, harshen Inuit, "ƙasar da ba ta narkewa". Tun 1972 aka keɓe shi, girmansa kusan girman jihar Kano ne, kuma masu shigarsa a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Babu titin mota da ya kai can, babu ma titin da ya haɗa Nunavut da sauran Kanada. Daga Otawa ka hau jirgi na awa uku zuwa Iqaluit, babban birnin yankin, daga nan ka hau ƙarami na kamar awa ɗaya zuwa Pang, kamar yadda 'yan garin ke taƙaita sunan. Kuɗin waɗannan jirage biyu, ba tare da na bar ƙasar ba, ya isa ya kai ni Kano. Hazo ya riƙe mu kwana ɗaya a Iqaluit, abin da duk wanda ya saba hanyar yake sawa cikin lissafinsa. Ni dai na ci ribar jinkirin, na je na yi la'asar a masallacin garin da aka buɗe a 2016.

Filin jirgin Pang a tsakiyar gari yake, gidaje hagu da dama, kamar a ce jirgi ya sauka a kan titin unguwa. Abu na farko da muka nema shi ne man risho, domin ba a yarda a hau jirgi da shi ba, kuma a cikin gandun babu itacen da za ka hura wuta. In ba ka sayi mai a kantin gari ba, ɗanyen abinci za ka ci. Sauran guzuri tun daga Otawa muka ɗauko shi, saboda kayan kanti a nan da jirgi ake kawo su, farashinsu sai ya sa ka mayar da abu kan kanta a hankali. Abokan tafiyata sun zo da abincinsu na leda da ake zuba wa ruwan zafi. Ni na ƙara da dambun naman da na yi da hannuna, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da garin rogo daga shagon 'yan Afirka, da ƙullin yaji. Jakata ta tashi kilo 23. Sun yi mini dariyar garin rogon. A kwana na huɗu su ke tambayarsa.

Ba a shiga gandun sai an yi rajista a ofishin hukumar Parks Canada, an kuma zauna an saurari bayani, ko sau goma ka taɓa zuwa. Na zaci duk maganar a kan nanuq za ta ƙare, wato farin beyar ɗin nan na yankin ƙanƙara. An yi maganarsa, ba laifi. Baƙo ba ya shiga da bindiga. Kada a kwana a bakin teku, domin ta nan ya fi bi. A dafa abinci nesa da tanti, a ajiye shi nesa da tanti. An fi ganinsa ta ɓangaren arewa, wajen garin Qikiqtarjuaq. Amma da ta gama wannan, sai ta jawo taswira ta ɗora yatsa a kan wasu siraran layuka shuɗaye, ta ce abin da ya fi ba su tsoro game da baƙi shi ne waɗannan.

A nan ne ta faɗi abin da ya birkita mini duk abin da na sani game da ruwa. A wurinmu rafi da ruwan sama yake cika. In hadari ya haɗo ta gabas, ka san gobe Kubanni zai kawo, in rana ta buɗe kwana biyu ka san ya ja. A Auyuittuq rana ce ke kawo ruwa. A saman duwatsun akwai shimfiɗar ƙanƙara da ake kira Penny, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 6,000, tana miƙo harsuna ta kowane lungu zuwa cikin kwarin. Rana ta buga su, su narke, rafin da ka tsallake da safe yana iya idon sawu, da yamma ya kai ƙugu yana mirgino duwatsu. Ranar da gari ya yi garau, kowa na murna, ita ce ranar hatsari. Shawararsu a ƙetare manyan rafukan tsakanin tsakar dare da sassafe, lokacin da sanyi ya ɗaure ƙanƙarar. Ta ba mu labarin lokacin zafin 2008, da ruwa ya zaizaye wajen tafkin Windy, ya lalata gadar da ke can, aka kwashe matafiya ta sama aka rufe wannan sashe. Na ce a raina, ashe ƙasar da ba ta narkewa ma ta fara saɓa wa sunanta.

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Ji na yi kawai.

Daga Pang zuwa bakin gandun kusan kilomita 30 ne ta cikin wani dogon mashigin teku da duwatsu suka sa a tsakiya. Wani dattijo ɗan garin, cikin masu lasisin kai baƙi, shi ya ɗauke mu a kwalekwalensa mai inji. Shi ma ba shi ke zaɓen lokaci ba. Teku a nan yana cikowa yana janyewa sosai, in ya janye sai ka ga filin laka da manyan duwatsu inda ɗazu ruwa yake, don haka sai ya ciko ake tashi. Na tambaye shi ko zai dawo ɗaukarmu ranar da muka yi da shi. Bai ce uffan ba, ya ɗaga gira kawai. Na sake tambaya, ya sake ɗagawa. Abokina ya raɗa mini cewa ai ya amsa tun ɗazu: a wurinsu ɗaga gira shi ne "i", yamutsa hanci shi ne "a'a". Ya sauke mu kusa da gindin dutsen Overlord, ya nuna mana cikin kwarin da haɓa, alamar mu yi nisa da gaɓa kafin mu kafa tanti, ya juya. Da ƙarar injinsa ta ɓace, sai na ji wani irin shiru da ban taɓa ji ba, in ban da ruwa da ke ta magana ta kowane gefe.

Kwarin sunansa Akshayuk. Tsawonsa kilomita 97 daga wannan teku zuwa wancan, kuma tsohuwar hanyar Inuit ce tun kafin a san za a kira wurin gandu. Masu ƙarfi suna ratsa shi gaba ɗaya. Mu rabin kudu muka nufa: mu bi kogin Weasel zuwa tafkin Summit, kilomita talatin da 'yan kai, mu juyo.

Wanda ya ji kilomita goma a wuni zai ce ai wannan zuwa kasuwar ƙauye ne. To, ba hanya ba ce irin wadda ka sani. Wani wurin yashi ne mai nutsar da ƙafa, wani wurin ciyawa ce jiƙaƙƙiya kamar katifar da aka bari a ruwa, wani wurin kuma tudu ne na tsakuwa da manyan duwatsu da ƙanƙara ta turo ta bari, kowane dutse yana motsi in ka taka shi. Alamar hanya ita ce inuksuk, duwatsun da aka ɗora kan juna, daga wannan ka hango wancan. Rashin bishiya kuma yana ruɗa ido. Babu abin da za ka auna nisa da shi. Sai ka ce wancan dutsen nan da rabin awa mun isa, ku yi awa uku yana nan inda yake. Bishiyar da ke akwai a ƙasa take rarrafe, ba ta kai tsayin tafin hannu ba. Akwai wata ciyawa mai farin kai sak audugar da ta fashe a gona, wadda matan Inuit ke yin lagwanin fitilarsu ta man kitse da ita. Ranar da iska ta kwanta, sauro ya fito, manya, ba ruwansu da sanyi.

Rafin farko da muka ƙetare da safe ne, kuma a nan na koyi tsarin. Ka cire takalmin tafiya ka rataya a wuya, ka sa safar roba da takalmin da ba zai zame ba. Ka kwance maɗaurin jakarka na ƙugu da na ƙirji, don in ka faɗi ka iya yar da ita, kada ta danne ka. Kada ka nemi inda rafin ya tsuke, nemi inda ya baje ya rarrabu. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sandunanka biyu, ka ja ƙafa ɗaya, sai ta zauna ka ja ɗayar. Ruwan launin toka ne kamar an dama siminti, saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa, ba ka ganin inda kake takawa. Sanyinsa kuwa ba sanyi ake ji ba, zafi ne, kamar an ɗaure ƙafar da waya ana ja. In ka fito sai ka yi minti biyar kana tsalle kana ambaton Allah.

A rana ta biyu muka wuce inuksuk ɗin da ke nuna an shiga Da'irar Aktik, wato layin taswira da daga shi zuwa arewa akan sami ranar da rana ba ta faɗuwa sam. Muka ɗauki hoto, muka ci dabino, muka wuce.

Maganar salla ta dame ni tun kafin in taso, har na aika wa malamina na Zariya saƙon murya. Na ce, "Allah gafarta Malam, inda za ni rana tana faɗuwa na ɗan lokaci, amma shafaƙi ba ya ɓacewa har ta sake fitowa. Yaya zan yi da lisha?" Ya ce malamai sun yi magana a kan irin waɗannan ƙasashe, ana ƙaddarawa da lokacin gari mafi kusa da alamominsa ke rarrabuwa, kuma ni matafiyi ne, ina da sauƙin kasaru da haɗa salloli. Da haka na yi aiki. Gaskiyarsa kuwa, dare bai taɓa yi ba. Rana takan faɗa bayan duwatsu, gari ya yi kamar bayan magariba da minti goma, ya tsaya a haka har gari ya waye. Tocilan da na ɗauko ko sau ɗaya ban kunna ba. Alƙibla ce ta ba ni mamaki. Allurar kamfas a wannan yanki tana karkacewa sosai daga arewa ta gaskiya, don haka da na'urar tauraron ɗan'adam na duba. Digiri 67 ta nuna, gabas da ɗan karkata arewa. A Kano 68 ne. Na yi tafiyar da ta kusa kai ni ƙarshen duniya, ga shi ina fuskantar kusan inda na saba fuskanta tun ina yaro.

Rana ta uku gari ya waye tas, babu ko ɗigon gajimare. Muka tuɓe rigunan sanyi, har na naɗe hannun riga. Na ce yau dai Allah ya kawo mu ranar daɗi. Abokina ya dubi sama, ya dubi agogo, bai ce komai ba. Mun makara wajen tashi, tudun tsakuwa ya ci mana lokaci, sai wajen ƙarfe biyu na rana muka iso wani rafi da ke gangarowa kai tsaye daga bakin ƙanƙara. Faɗinsa bai fi taku goma ba. Abokina ya ajiye jaka ya ce mu saurara. Ƙarƙashin ƙarar ruwan akwai wata ƙara, gurr, gurr, kamar ana jan turmi a kan daɓe. Duwatsu ne ruwa ke mirginawa. Ya ce nan za mu kwana.

Ni kuwa na ga hayin ga shi nan, kamar in miƙa hannu. Na ce taku goma ne fa, na ƙetare wanda ya fi wannan da damina ina ɗan shekara goma sha biyu. Ya ce kada in shiga. Na ce bari in gwada bakin kawai.

A taku na huɗu dutsen da na taka ya tafi da ƙafata. Na durƙusa, ruwa ya doke ni a ƙirji, numfashina ya ɗauke ɗif. Sanda ɗaya ta suɓuce, kafin in waiga ta ɓace. Abin da na sani kawai shi ne an cafki hannun jakata ta baya ana ja, ashe abokina ne ya biyo ni har gwiwa. Da ya fito da ni, haƙorana na kaɗawa, yatsuna sun ƙi kama zif. Su suka tuɓe mini jiƙaƙƙun kaya kamar yaro, suka tura ni cikin buhun barci, wanda Allah ya sa yana cikin leda bai jiƙe ba. Matarsa ba ta ce mini ko kalma ɗaya ta faɗa ba. Ta kafa tanti, ta kunna risho, ta miƙo mini shayi mai sukari da yawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. La'asar ɗin ranar da taimama na yi ta a kan wani faffaɗan dutse, don jikina bai daina rawa ba.

Awa goma sha uku muka yi a bakin rafin nan. Abokina ya kafa wani dogon dutse daidai inda ruwa ya tsaya, ya zama ma'auninmu. Ƙarfe shida na yamma ruwan ya shanye dutsen. Ƙarfe goma sha ɗaya kansa ya fito. Na kwanta ina jin gurr ɗin nan tana raguwa, tana yin nisa tsakani, har ta daina. Ƙarfe uku na dare, in dare za a kira shi, ya taɓa ƙafata. Dutsen yana tsaye a busasshiyar ƙasa, ruwa ya ja baya da fiye da kamu biyu. Muka naɗe tanti cikin sanyin da ke sa hanci zuba, muka shiga mu uku a jere, kowa ya riƙe jakar na kusa da shi. Iyakarsa gwiwa. Minti biyu muka yi.

Daga ranar muka juya agogonmu. Mu tashi ƙarfe biyu ko uku, mu yi tafiya har hantsi ya ɗaga, mu kwanta da azahar da riga a kan ido. Ba mu sake tambayar kilomita nawa suka rage ba, sai dai rafi nawa.

A irin wannan tafiyar asuba muka zo daidai dutsen Thor, wanda Inuit ke kira Qaisualuk. Turawan da suka zo bincike ne suka raba wa duwatsun nan sunayen gumakan mutanen arewacin Turai na da, Thor da Odin, da na mazauninsu, Asgard. Na sha ganin hotonsa, amma gani ya kori ji. Tsayinsa mita 1,675, kuma fuskarsa ta yamma bango ne guda na mita 1,250, wanda babu irinsa a duniya wajen faɗowa a miƙe. Bai ma tsaya a miƙe ba, ya ranƙwafo gaba, abin da aka saki daga samansa ba zai taɓa jikinsa ba. Wanda ya je Makka ya san hasumiyar agogo, mita 601. A ɗora biyu, ɗaya kan ɗaya, ba su kai bakin bangon nan ba. Wasu Amurkawa huɗu sun haye shi a 1985, kwana 33 suka yi a jikinsa. Ni daga hayin kogi na zauna a kan jakata na ɗaga kai har wuyana ya gaji. Can sai muka ji wata ƙara kamar aradu, ƙura ta tashi a gindinsa. Wani ɓangaren dutse ne ya ɓalle.

Kusa da nan akwai ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan katako da hukumar gandun ta kakkafa a kwarin. Ba masauki ba ne, ba a kwana ciki sai in iska ta yaga tanti ko nanuq ya matsa. Akwai rediyon oba-oba a ciki da ake magana da ofis, da littafin da matafiya ke rubutu. Na karanta shafi uku, kusan kowa maganar ruwa yake yi: wane rafi, ƙarfe nawa, ya kai ina.

Tafkin Summit bai karɓe mu da fara'a ba. Iska ce mai ture mutum, da yayyafi a kwance. Asgard, dutsen nan mai kai biyu shafaffu kamar an yanke da wuƙa, wanda saboda shi abokina ya dawo karo na biyu, gajimare ya rufe shi ruf. Muka jira wuni guda, bai buɗe ba. Abokina ya ɗaga kafaɗa ya ce sai wani zuwan. Amma sanyin nan da ya hana mu gani shi ya ɗaure ƙanƙara, komawarmu duk rafukan sun kwanta. Wanda ya kayar da ni, da tsakar rana muka ƙetare shi, bai kai gwiwa ba. Na tsaya na duba ko zan ga sandata a ƙasa. Babu ita.

Dattijon ya zo ranar da ya ɗaga wa gira, da cikowar teku. Na ce masa "qujannamiik", kalmar godiya guda da na koya, ya yi dariyar yadda na faɗe ta.

Saura abu ɗaya, wanda in ka manta shi ka jawo wa mutane wahala: komawa ofis a soke sunanka. In ranar da ka ce za ka fito ta wuce ba su gan ka ba, nema za su fara. Muka shiga da warinmu na kwana takwas. Ma'aikaciyar nan ta jawo takardarmu, ta tambaya ko mun ga nanuq ko sawunsa. Babu. Ta tambayi rafukan ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan nawa, abokina ya dube ni ya yi shiru, ya bar ni in faɗa da bakina. Na faɗa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ƙarfe nawa, na ce biyu na rana. Ta ce ruwan ya kai ina kafin in faɗi. Na miƙe na nuna mata a cinyata. Ta rubuta, ta ja layi a kan sunayenmu, sannan ta leƙa ƙofa ta kira wasu mutum biyu da ke zaune a waje da sababbin jakunkuna, takalmansu ko ƙura babu.